Inna Mai Ƙudaje da Kwalin Ƙarƙashin Tebur

Kafin bakwai ta buga Inna ta ɗora tukunya a ɗakin bincike. Garin masara, yis da sukari take damawa, ta zuba a ƙananan kwalabe, ta toshe da auduga. Abincin ƙudajen nan ne 'yan mitsi-mitsi masu bin ayaba. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki, har jikokinta na tsokanarta wai ƙuda ya fi su cin girkinta.

Abin da Farfesa, shugaban ɗakin, ke bincike shi ne sunadaran da ke shimfiɗe tsakanin ƙwayoyin jiki, su riƙe su kamar yadda siminti ke riƙe bulo, tun ƙudan yana cikin ƙwai. Akwai wani iri guda da aka sha wuya kafin a same shi, mai naƙasa a ɗaya daga cikin sunadaran. Wanda ya gaji naƙasar ta uwa da uba a ƙwai yake mutuwa, tsokarsa ta saki. Wanda ya gada ta gefe ɗaya yana rayuwa, ana gane shi da lanƙwasasshen fiffike. A kan wannan iri wata ɗaliba ta ɗora shekara huɗu na karatunta, kuma babu shi a ko'ina sai a ɗakin.

Ran wata Litinin Inna ta buɗe akwatin ɗumi da ake ajiye kwalaben, sai hucin zafi ya daki fuskarta. Na'urar daidaita zafin ta lalace tun Asabar. Ta ɗaga kwalba, ta ɗaga wata, ƙudajen duk sun zube a kan abinci, ko motsi babu.

Ɗalibar ta shigo, ta gani, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Inna, shi ke nan na gama yawo."

"Tashi, 'yar nan. Jawo min kwalin can."

To, Inna na da wani hali da Farfesa ya sha yi mata faɗa a kai. Idan ta juye ƙudaje a sabuwar kwalba, ba ta zubar da tsohuwar sai ta ƙara mako a kwali ƙarƙashin teburinta. Shi kuwa cewa yake ƙwari kawai take tara musu.

A tsohuwar kwalbar aka samu biyar da rai. Ta sa musu iskar barci, ta zube su ƙarƙashin madubin ƙara girma, tana juya su da gashin kaza. Ta san in duk maza ne, an gama. Na farko namiji, na biyu namiji, har na huɗu. Farfesa ya zo ya tsaya a bayanta, ta juya na biyar.

"Wannan mace ce," in ji Inna. "Amma ta tsufa, kuma ta sha wuya."

Ta haɗa macen da mazan a sabuwar kwalba. Kwana huɗu Inna ba ta ji ɗanɗanon abinci ba. Tsoro take ji kar macen ta maƙale a abinci, kar ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa. Rana ta biyar ta ga tsutsa biyu suna huda abincin, ta kira ɗalibar ta nuna mata da farce.

Inna, ke ce uwar marasa uwa, mai haƙurin da babu takardar shaidarsa. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, idonki ya gaji, kuma gaskiya mu abokan aikinki muna tsoron ranar da za a buɗe ɗakin babu ke. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, ku riƙe ƙaramin aiki da hannu biyu kamar yadda ta riƙe. Ɗalibar nan yau Dakta ce, kuma duk ƙudan wannan iri da ke raye yanzu jikan tsohuwar macen nan ta cikin kwali ne.