Wutar Farautar Da Ta Ci Yaya Habu

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka binne wana, Yaya Habu, dogarin daji. Allah ya jiƙansa. Har gobe in na ji gangar mafarauta ta taso daga Ƙofar Ɗan Agundi, sai abinci ya fita raina.

A zamanin soja, gandun dajin gwamnati da yake tsaro ko zomo ba ka isa ka harba ba. Da farar hula suka dawo, masu neman ƙuri'a suka yi wa mafarautan birni alkawarin daji, suka kuwa cika, abin da ba su saba ba. Aka ce wa Yaya ya ɗage shinge. Ya zo gida Mandawari ransa a ɓace, ya ce da ni, "Ƙanena, ba farautar nake tsoro ba, ashanar nake tsoro."

Wanda bai san farautarmu ba, ga yadda take. Akan cinna wa ciyawa wuta ta kowace kusurwa, a bar kafa guda, namun daji su fito a guje su tarar da karnuka da gora. Ran nan mota-mota aka je, unguwa-unguwa, kowa na gudun kada a riga shi. Waɗannan suka bar kafa ta gabas, waɗancan suka zo suka cinna mata wuta. Yaya yana ciki, ya shiga fito da wasu makiyaya. Su sun fita. Shi bai fita ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin labari ya iso, wani maƙwabcinmu mafarauci ya aiko wa Inna, mahaifiyarmu, cinyar gada, yadda aka saba yi wa maƙwabta. Bai sani ba, wallahi bai sani ba. Inna ta dafa, ta ci, ta rufe wa Yaya nasa a kwano. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa nama a baki ba.

An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To, a nan wasu suka ɗebo, bakinmu ya ƙone. Ban wanke mafarauta ba, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya buɗe daji bai sa kowa ya tsara shiga ba, kuma ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Nama ya ƙare, masu gawayi suka bi sahu, manoma suka share saura. Ina jin ba zai yi wa kowa gori ba, don shi ba mai "ai na faɗa" ba ne.

Me ya rage nasa? Makiyayan nan duk sallah sai sun kawo mana nono. Sai kuma 'yarsa Hadiza, wadda ya bari a goye. Bara ta matsa in kai ta inda mahaifinta ya yi aiki. Muka sauka a mota, rana na dukanmu, ba ko inuwar da za mu raɓa. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta ce, "Baffa, ina dajin?"