Gwaggo a Gindin Farin Ruwa

A ƙauyenmu na wajen Gwiwa ruwa iri biyu muka sani, na rijiya da na sama. Na rijiya sai an zura guga da doguwar igiya, a yi ta ja har tafin hannu ya yi kanta. Na sama kuwa 'yan watanni ne, ya cika kududdufai da rafin bayan gari, kafin a gama sussukar gero rafin ya koma yashi. Da na fara koyarwa a Kazaure na ga madatsar ruwan garin, sai na ɗauka na ga iyakar ruwa, ko da yake shi ma a kwance yake, in babu iska ko motsi ba ya yi.

Yayana, wanda nake bi, ya daɗe da komawa Wamba, can ƙasar Nasarawa, yana sayen riɗi yana turowa Kano. A can ya yi aure. Wata damina, ana cikin dogon hutun makaranta, aka aiko mana cewa matarsa ta sauka lafiya. Innarmu na fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya a mota, don haka aka ce ni in je suna. Sai Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta ce ƙafata ƙafarta.

Gwaggo a lokacin ta haura sittin. 'Yar siririya ce, gajera, sana'arta daddawa, kuma duk ranar kasuwa da ƙafa take zuwa da kwandonta a ka. Nesa da gida dai Kano ce iyakarta, ita ma sau biyu. A mota ta zaɓi bakin taga, ta kuma yi ta duba gonakin mutane tun daga Kazaure har muka gangara daga Jos. Sai ka ji ta ce wannan bai yi noma da wuri ba, wancan ya cika shuka kusa da kusa. Da muka shiga inda ake kunyar doya sai ta ce ita kam ba ta san laifin da za ta kama wa waɗannan ba, tunda ba ta san aikin ba.

An yi suna lafiya, an ci an sha. Kwana biyu bayan nan Yaya ya ce mini akwai wani wuri da ake kira Farin Ruwa, inda kogi guda yake faɗowa daga kan dutse, yana so ya kai ni in gani kafin mu koma. Shi sau ɗaya ya taɓa zuwa, da rani. Ya sassauta murya da zai faɗa, amma Gwaggo na bakin murhu tana dafa ruwan wankan mai jego, kuma kunnenta bai tsufa ba. Ta ce da ita za a je. Yaya ya fara lissafa mata wahalar hanya, taɓo, hawa, tsallaken rafi. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce:

"Ni da na goya ka na kai ka asibitin Roni a ƙafa na dawo da kai, yau kai ne za ka koya mini wuyar hanya?"

Yaya ya sosa ƙeya ya ce Allah ya huci zuciyarta.

Washegari da sassafe muka hau babura uku na haya. Yaya ya ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, farar shadda da takalmi sau-ciki, ga kyamarar da ya aro a wuya. Ni silifa na sa. Gwaggo ta ɗaure ƙugu da tsohon gyale, ta ƙulle ragowar dambun naman suna da dafaffiyar gyaɗa a leda. Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya zaizaye ta, babur na tafiya yana wutsil-wutsil kamar kifi. Sau uku muna sauka a tura. Ni duk addu'ar da na sani sai da na karanta, Gwaggo kuwa ina hango ta a gaba tana hira da mai babur ɗinta, har tana sakin hannu ɗaya tana nuna masa wani abu a gona.

A wani ƙaramin ƙauye masu babura suka tsaya, suka ce nan ne iyakarsu. Aka haɗa mu da wani dattijo manomi wanda ya saba raka baƙi. Doguwar adda ce a hannunsa, Hausarsa kuma tana da ɗan karkata irin ta mutanen wajen, amma muna jin juna sarai. Ya dubi takalmin Yaya, ya dubi shaddar. Ya sara mana sanduna, ya miƙa wa Gwaggo tata da hannu biyu yana kiranta Mama. Ta karɓa, ta cire takalmanta ta cusa a ƙugu, ta ce ƙafa ta fi sanin ƙasa in babu shamaki.

Ba mu yi nisa ba muka iske rafi. Dattijon ya ce da rani yara ma tsallake shi suke yi, amma ranar ya kai cinya, ga gudu, ga sanyi kamar an narka ƙanƙara. Muka riƙe hannun juna muka shiga, shi a gaba, Gwaggo na biye, ni a tsakiya, Yaya a baya yana ɗaga kyamara sama. Yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata, ruwan na jan zanena. Da muka fita na tarar silifata ɗaya ta bi ruwa. Na tsaya ina kallon ɗayar, sai Gwaggo ta zaro nata takalman daga ƙugu ta ajiye a gabana. Sun yi mini kaɗan, diddigena a waje, haka na sa.

Daga nan daji ne sosai. Ban taɓa shiga inda itatuwa suka rufe sama har rana ba ta taɓa ƙasa ba. Ko'ina jiƙe, ko'ina kore, har jikin duwatsu. Birai suka yi ta leƙenmu daga rassa. Dattijon ya tsallake wani baƙin layi a kan hanya ya ce mu kula, kwarkwasa ce. Ni da Gwaggo muka tsallake. Yaya yana can yana neman biri a cikin kyamara, ya tsaya cak a kansu. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba: babban mutum mai iyali yana tsalle yana dukan wandonsa, takalmi ɗaya a nan ɗaya a can. Sai da ya shiga bayan wani dutse ya tuɓe ya kakkaɓe. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a kan saiwa tana share hawaye, tana yi masa sannu tana ƙara fashewa.

Muna cikin hawa na fara jin rugugi. Gwaggo ta ɗaga kai tana neman sararin sama ta cikin ganye, ta ce hadari ya taso, mu ɗaga ƙafa. Dattijon ya yi murmushi ya ce ba hadari ba ne, shi ne. Muka ƙara tafiya mai tsawo rugugin na ƙaruwa, har na fara jin sa a ƙirjina. Iska ta sauya, ta yi sanyi, tana ɗauke da yayyafi alhali babu girgije. Sai muka zagaya wani ƙaton dutse, itatuwa suka buɗe.

Na sha gwada kwatanta wa ɗalibaina abin da na gani, ban taɓa gamsuwa da bayanina ba. Dutse ne baƙi, tsayinsa sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame. Daga can ƙololuwarsa ruwa ke zubowa, fari fat kamar an kwarara nono, yana dukan duwatsu yana tarwatsewa yana sake haɗuwa, kafin ya iso ƙasa rabinsa ya zama hayaƙi. A cikin hayaƙin ga bakan gizo, kusa da mu, kamar ka miƙa hannu. Magana ba ta jiyuwa sai an sa baki a kunne.

Gwaggo ta tsaya dafe da sandarta, bakinta na motsi, na san tasbihi take yi. Ta daɗe a haka. Sannan ta jawo hannun rigar dattijon ta tambaye shi a kunne ko haka yake zuba kullum, har lokacin da babu mai kallo. Ya ce tun kakanninsa bai taɓa tsayawa ba, da rani dai yakan rage. Ta girgiza kai, ta sake komawa kallo.

Shi ya ce in muna so akwai wani faffaɗan dutse kusa da gindin ruwan, amma sai an bi ta kan wasu duwatsu masu gansakuka. Kafin Yaya ya buɗe baki Gwaggo ta yi gaba, tana dafawa da hannu tana taka ƙafa a hankali. Na bi ta. A tsakiya na kuskura na dubi ƙasa, na ga ruwa na tafasa a tsakanin duwatsu, sai tsoro ya kama ni. Na durƙusa na rungume dutse, ba gaba ba baya. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai na ji hannu a kafaɗata. Gwaggo ce ta dawo. Ta kwance gyalen ƙugunta ta ba ni gefe ɗaya, ta sa baki a kunnena.

"Malama, cire takalman nan. Kada ki kalli ruwan, dubi diddigena. Inda na ɗaga, nan za ki sa."

Haka muka ƙarasa, ita a gaba ni a baya. Da muka hau dutsen muka jiƙe sharkaf cikin ƙiftawar ido. Tsoron ya tafi, wata irin dariya ta kama ni wadda ban san dalilinta ba. Na buɗe hannuwa na yi ihu da iya ƙarfina, ko ni ban ji muryata ba. Gwaggo ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta sake sha. Yaya na daga nesa yana ta ɗaukarmu hoto. Da aka wanke hotunan daga baya, babu komai a ciki sai fari da wasu inuwoyi biyu, feshin ya rufe gilashin.

Muka dawo inda ƙarar ta yi sauƙi, muka yi alwala da ruwan, muka yi azahar a kan dutse, dattijon na zaune gefe yana gasa masarar da ya karyo a gonarsa. Aka baje dambu da gyaɗa. Nan hira ta ɓarke tsakaninsa da Gwaggo. Ta ba shi labarin rijiyarmu, ta auna masa tsawon igiyar da gaba-gaba har ya ce ta tsaya haka nan. Ya tambaye ta, da gaske yake, me ya zaunar da mutane a wuri irin namu. Ta ce gero. Ta ce geronmu in ya ga wannan jiƙar ruɓewa zai yi, ita ma daddawarta ba za ta taɓa bushewa a nan ba. Shi kuma ya ce bai iya kwana inda ba ya jin ƙarar ruwa. Suka yi ta mamakin juna suna cin masara.

A hanyar dawowa ruwan sama ya sauko da gaske. Dattijon ya sara mana ganyen ayaba, kowa ya kifa ɗaya a ka, muka jero muna tafe. Rafin ya ɗan ƙaru, amma wannan karon ni na fara sa ƙafa bayan dattijon. Mun shiga gida la'asar sakaliya, jar laka har gira. Mai jego ta leƙo ta ga shaddar mijinta, ta koma ɗaki muna jin dariyarta.

Kwana uku Yaya bai fita kasuwa ba saboda ciwon cinyoyi. Ni mura ce ta kama ni, da ita na koma Kazaure. Gwaggo ko kwana ba ta yarda ta yi a wurina ba, ta ce awakinta na hannun maƙwabta, ta hau babur ta wuce gida. Bayan mako guda wata mata 'yar ƙauyenmu ta kawo mini ƙullin citta da kanumfari da masoro daga wurinta, in dafa in sha. Matar ta ce akwai kuma saƙo: wai in tambayi Yaya ko akwai hanyar da ake bi a hau saman dutsen, don ita gindin kawai ta gani, tana so ta ga inda ruwan yake fitowa.