Rigar da Ajiya Ta Ci

Wata Juma'a bayan kaka, a shekarar da kogin Haɗejiya ya cinye mana shinkafar fadama, kakata Iya Falmata ta sa na sauko mata da adudu. A ciki akwai farar riga. Ita ta kaɗa zaren da hannunta, ta kai wa masaƙa, aka ɗinka wa babana, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun ina rarrafe. Ranar da ya dawo zai sa ta. Duk shekara, in ruwa ya janye, sai mu shanya ta, kuma da yake idonta ya tafi, ni take tambaya: "Maigida, tana nan fara?"

A ranar na ga duk inda aka ninke ya yi jaja-jaja kamar kunun tsamiya. Ni da ko wandona sai an bi ni da tsumagiya nake wankewa, na saci jiki na kai ta bakin kogi. Abokaina na can suna iyo a kan gora, suna tonon bado, suna kirana, ko waiwaye ban yi ba. Na cuɗa da toka, na buga a kan itace har hannuna ya saɓule.

Wani tsohon marini da ke ɗaurayar zane kusa da ni ya ɗaga ta, ya duba. "Yaro, wannan ba dauɗa ba ce, ajiya ce ta ci ta. Ba ta fita." A bakinsa na fara jin wai ajiya ma tana cin abu.

Da na koma gida na ce wa Iya fara take ƙal. Ta shafa rigar, ta sansana, ta ji danshin kogi. Hannunta ya yi ta bin ninkin. Can ta ce, "Gobe ka kai ta marina. In ka girma ka sa." Ban so ba, na yi ta kuka, don ko ni na san ba a rina rigar wanda ake jira.

Daga ranar ba ta ƙara aikena bakin hanya in tambayi fatake labarin gabas ba.

Yau gemuna ya yi fari, marinin da Iya duk suna ƙasa. Rigar baƙa ce, ta koɗe a kafaɗata, jikokina suna cewa in yar da ita. Ba su san ba tawa ba ce.