Taraktar da Na Cire wa Batir

Ko na so in manta da ranar Larabar da na tayar da taraktar Gidan Barmo, ba zan iya ba. Lokacin ina mataki na takwas a garejin sashen gona na ƙaramar hukumarmu, shekarata goma sha bakwai da riƙe sifana, ina jin kaina kamar ba a haifi bakanike irina ba. Ku matasan garejin nan da kuke ganin na cika tsanani, ku saurara.

A ƙarshen watan Afrilu ne ƙungiyar manoman ƙauyen, can arewa da Shanono, ta roƙi a tura musu mai gyara. Tsohuwar tarakta suka sayo a gwanjo, wadda ta yi shekara shida a gindin ɗorawa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. A ƙa'idar aiki, kafin ka kwance noti ɗaya sai ka zagaya mota ka rubuta duk cutarta, sannan ka jera abin da za a fara da shi. Na rubuta birki, sitiyari, giyar da ke zamewa, inji a ƙarshe. Birkin ya sha mai, ka taka har ƙasa ba ya kamawa, kuma gyaransa sai an kwance ƙafafun baya an sayo kaya daga Kano. Aikin mako biyu ne.

Shugaban ƙungiyar, Baba Tanko, ya ji jerin nan sai ya girgiza kai. Ya nuna mini taki jibge a bayan gidaje. Ƙasarsu ba ta hutawa, gona na manne da gona, wanda bai kai taki kafin shuka ba ya yi noman banza, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ya ce mutane na ta tsegumi wai gawa ya sayo musu. Ba ya neman komai, in ji shi, sai dai su ji kukanta da kunnensu, hankalinsu ya kwanta.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen ya taɓa tuƙa tarakta, Iliya, mijin 'yar Baba Tanko. Mutum ne mara yawan magana. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka bi takardarka. In ta yi kuka, ba mai iya riƙe su."

Ban ji ba. Kwana uku na yi ina wanke tanki da famfon mai, ranar Laraba da hantsi ta yi tari ta tashi. Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi na ta sa mini albarka. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Sai na kashe ta, na cire batir da makulli na ɗaure a bayan babur, na ce sai Litinin zan dawo da kayan birki. A ganina na yi dabara.

Tsohon injin dizal ba ruwansa da batir. Ka sa shi a giya a ja shi, zai tashi. Na san haka sarai, ban dai zaci su ma sun sani ba. Ruwan farko ya sauka ranar Juma'a. Da safiyar Asabar suka ɗaura mata shanun huɗa guda huɗu suka ja ta har ta kama. Baba Tanko ya dubi Iliya a gaban dattawa ya ce ya hau, sawu ɗaya kawai. Wane ne zai ce wa surukinsa a'a a bainar jama'a? Ya hau, da tirela cike da jiƙaƙƙen taki.

Hanyar gonakin gangara ce, matsattsiya, shinge dama da hagu. A tsakiyar gangaren giya ta zame. A gabansa akwai mata biyar ɗauke da kaya za su kasuwa, ba inda za su kauce. Iliya ya karya sitiyari ya nufi kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Taraktar ta kife a kansa.

Ranar Litinin na iso da buhun kayan birki, na tarar an jera bencuna a ƙofar cocin ƙauyen, maza zaune jugum ana makokin Iliya. Baba Tanko ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce ni na fita haƙƙinsu tunda na cire batir. Rahoton ofis ma haka ya ce, ba wanda ya tuhume ni. Da na shiga yi wa Saratu, matar Iliya, gaisuwa, sai ta dubi buhun da ke hannuna.

"Birkin ne?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Ka cika alkawari, Malam. Litinin ka ce."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban ga laifin mutanen nan ba. Manomin da ya ga ruwa ya sauka, takinsa na bayan gida, ba gargaɗin da zai tsayar da shi, kuma mai kunya shi za a tura gaba. Bakanike ne kaɗai ke da ikon hanawa, ikon nasa kuma yana ƙarewa da zarar inji ya tashi. Na sayar da nawa a kan guɗa, Iliya ya biya da ransa.