Gangar Gayya da Ta Karya Yajin Aiki

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da bazarar da leburorin hanyar Gumel zuwa Maigatari suka ajiye diga da shebur ba. Ina amarya a lokacin, maigidana kuma shi suka sa a gaba ya yi magana da yawunsu, don haka mun san in abin ya lalace shi za a fara kora. Ba su nemi komai ba illa a kai musu ruwan sha wurin aiki, a bar su su huta da azahar, bayan wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi cikin rana, ɗan kwangila ko waiwaye bai yi ba. Masu lodin gyaɗa suka mara musu baya, tasha ta yi tsit.

Wata safiya sai na ji ganga. Ba a jima ba yayana ya yi sallama daga ƙauyenmu na wajen Gagarawa, fartanya a kafaɗa, yana ta fara'a. Wai an yi musu shelar gayya, za a gyara hanyar Maigatari saboda Allah, har mutanen Sule Tankarkar sun taho. Ashe ɗan kwangilar ne ya zagaya ya raba goro, ya ɗauko makaɗa.

Nauyin suruki ya hana maigidana magana. Ni na kasa haƙuri, na ce, "Yaya, abincin bakinmu ka zo ɗaukewa."

Da na warware masa zancen, sai ya ce, "To ƙanwata, wa ya taka ya gaya mana? Na riga na amsa gayya a gaban jama'a. In na juya, da wane ido zan shiga gari?" Ya sha ruwa ya fita, ina ji gangar tana yin nisa.

Ganin 'yan gayya sun kama aikin kyauta, kashegari leburori suka koma aiki, ba ruwan, ba hutun. Maigidana aka ce kada a ƙara ganin ƙafarsa.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ba da yayana ba. A ɗauki al'adar da muke taimakon juna da ita, a yanka mu da ita, Allah ya isa. Abin da na koya shi ne, kafin ma'aikaci ya ajiye kayan aiki, ya fara taka ƙafa ya sanar da ɗan'uwansa na ƙauye. In bai je ba, azzalumi zai riga shi zuwa da goro.