Allurar Aro a Firjin Asibitinmu

Ko da zan manta komai a duniya, ba na jin zan manta ranar da 'yan majalisar dokokin jiharmu suka zo duba ɗan asibitin ƙauyenmu. Shekaru sun ja, furfura ta fara yi mini sallama, amma har yau idan na ɗora ƙafa a kan keken ɗinki abin yakan faɗo mini a rai, sai in ji ɗinkin ya fita kaina.

Ni tela ne a wani ƙauye na ƙasar Gwandu. Don ina ɗan taɓa boko aka ɗora mini sakataren kwamitin asibiti, muƙamin da ba ya kawo komai sai zama a bencin gaba. A shekarar, gwamnati ta yi shelar cewa za a ajiye allurar dafin maciji kyauta a kowane asibitin karkara. Mun yi murna, domin mu manoma ne, kuma kububuwa ta fi mu sanin hanyar gona. An kawo mana firji mai aiki da hasken rana, fari tas. Allurar ce dai ba mu gani ba. Wata da watanni, abin da ke cikin firjin bai wuce ruwan shan malamin asibiti ba, wani lokaci da kwanon furar maigari.

Ana tsakiyar damina sai takarda ta zo cewa kwamitin lafiya na majalisa yana zagaya ƙauyuka don ya ga ko allurar ta isa inda aka ce ta isa. Mun ji labarin yadda suka yi da mutanen wajen Kalgo, inda aka fara zuwa. Wai ko tabarma ba su shimfiɗa wa baƙin ba, suka buɗe musu firji wayam, wata tsohuwa har da nuna musu kabarin ɗanta. Mu kuwa muka yi ta yi musu dariya a bakin shagona, muna cewa waɗannan mutane ba su san kara ba.

Maigari ya tara mu, ya ce manyan baƙi ne za su zo, kada a kunyata gari. Malamin asibitin kuma surukinmu ne, 'yar garin yake aure, ana tsoron kada laifi ya faɗa kansa a ɗauke shi. Nan take aka raba aiki. Mata suka share harabar, matasa suka shafa farar ƙasa, ni kuma na ɗinka labule shuɗaye masu kalmasa biyu, irin waɗanda ko ɗakin matata ban yi wa ba. Batun firji ya rage. Sai wani ya tuna da wani ɗan garinmu mai kyamis a cikin Gwandu. Da kaina na hau babur na je, ya ba ni aron kwalabe huɗu na allurar, da sharaɗin in mayar kafin magariba ranar da baƙi suka tafi.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, wato yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai barkwanci, amma ba ya tauna magana. Ya same ni ina jera kwalaben, ya tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa.

“Ƙanena, wanga ba baƙo ba na, mai bincike na,” in ji shi. “Ranar wanka ba a ɓoye cibi.”

Na ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya je ya ji da gonarsa. Ya yi dariya ya wuce. Na ji haushinsa a ranar, har na ce wa matata Yaya ba ya son ci gaban gari.

Baƙi suka iso da hantsi. Shugaban kwamitin dattijo ne, tsohon malamin makaranta, mai kallon mutum ta saman tabarau. Ya buɗe firji, ya ɗauki kwalba ɗaya ya jujjuya ta, ya duba mu, ya mayar. Ya tambayi malamin asibiti yaushe aka kawo, shi kuma ya ce kwanan baya. Da aka zauna cin abinci sai ya yafito ni, muka koma gindin darbejiya mu biyu. Ya yi mini bayani a tsanake, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ya ce aikinsu shi ne su kira kwamishinan lafiya gaban majalisa su titsiye shi a kan abin da aka yi alkawari, amma ba su da ido a ƙauye sai namu. Sannan ya rage murya.

“Malam tela, tsakaninka da Allah, wanga magani naku na?”

Na hango maigari yana kallona daga rumfa, na hango surukinmu yana share zufa.

“Namu na, ranka ya daɗe,” na ce. “Sai godiya.”

Sau uku yana tambayata, sau uku ina maimaita masa. Ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce to madalla. Motocinsu ba su gama ficewa ba na naɗe kwalaben a tsumma na kama hanyar Gwandu. Ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya ci gasa.

Bayan 'yan makonni muka ji zaman majalisar a rediyo. Dattijon nan ya tsare kwamishina da tambayoyi har sai da mutumin ya fara kame-kame. A ƙarshe aka yanke cewa duk asibitin da kwamiti ya samu babu allura, a kai masa kafin kaka, kuma a dawo a nuna wa majalisa shaida. Aka karanto sunayen garuruwa, na wajen Kalgo suna kan gaba. Namu ya fito a jerin waɗanda ba su da matsala. Wallahi har tafi aka yi a shagona da aka ji sunan garinmu.

Da kaka ta yi, ranar wata Talata da safe, yayana ya sa hannu zai ɗaga damin gero, kububuwa ta sare shi a tsintsiyar hannu. Aka kawo shi asibiti a amalanke. Malamin asibiti ya wanke wurin, ya ba shi maganin zafi, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ya aika cikin gari a nemo allura, mu jira. Muka jira, aka haɗa da jiƙe-jiƙe da tofi, yini ya tafi a haka. Yaya yana kwance hannu ya kumbura kamar taɓarya, ya ɗaga ido ya dubi taga.

“Labulenka sun yi kyau hwa, ƙanena,” ya ce.

Ba da faɗa ya faɗa ba, murmushi ma yake yi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari jini ya fara fita ta dasashinsa. Muka ɗauki shatar mota. A Gwandu mai kyamis ya ce ya sayar da kwalaben tun farkon kaka. A asibitin Birni, hedkwatar jiha, aka ce na wurinsu ya ƙare, lokacin girbi ne, amma mu gwada wajen Kalgo. Haka muka ratsa wannan doguwar hanya, kansa a cinyata, ina goge masa baki da hular kaina. Bayan azahar muka isa wani ɗan asibiti da bai kai namu kyau ba. Babu farar ƙasa, babu labule, tagar ma da kwali aka toshe ta. Ma'aikaciyar ta buɗe firji, sai ga kwalabe a jere. Ta yi masa allurar nan take, tana tambayar me ya sa muka daɗe haka, ba an ce garinmu akwai ba? Yaya ya cika kafin la'asar, ya bar matarsa da 'ya'ya biyar.

Ranar sadakar uku sai ga dattijon nan ya zo ta'aziyya, shi kaɗai da direbansa. Bayan an shafa fatiha na bi shi har mota, na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga babur har tsumman da na naɗe kwalaben. Na ɗauka zai yi faɗa. Amma sai ya ce tun ranar ya ga tambarin kyamis a jikin kwalbar.

“To mi ya hana ka faɗi, ranka ya daɗe?” na tambaye shi ina kuka.

“Na faɗi. Kwamishina ya tashi ya ce mutanen gari da bakinsu sun ce akwai, har da sakatarensu. Mi zan ce bayan wanga? Bakinka nika nema, malam tela, kai kuma ka hana ni.”

Daga baya na je gaban kwamitin na maimaita maganar a bainar jama'a. Maigari ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. An kawo mana allura kafin kaka ta zagayo, kuma ta ceci mutane, ciki har da jikan maigarin. Labulen kuwa na cire su da hannuna, suna nan a ƙasan akwatina, na kasa yarwa, na kasa amfani da su.

Ni ke riƙe da 'ya'yan Yaya yanzu, kuma sun san labarin, domin ban ɓoye musu ba. Abin da nake gaya musu shi ne, baƙo a ba shi ruwa, a ba shi tabarma, wannan tarbiyyarmu ce. Amma wanda kuka zaɓa ya je ya yi tambaya a madadinku, idan ya zo ya ce me ke damunku, ku buɗe masa firjin yadda yake. Ni na rufa wa gari asiri na yini ɗaya, da yayana na biya.