Wadda Stoimen Ya Ƙi Yi wa Tausa

Duk wanda ya taɓa zuwa garin Velingrad da ciwon baya ya san Stoimen mai tausa, in bai riƙe sunansa ba ya riƙe hannunsa. Gajere ne, wuyansa kamar na bijimi, kunnensa na hagu a murɗe tun zamanin da yake kokawa a bukukuwan ƙauye. Ba shi da kyau, kuma bai taɓa cewa yana da shi ba. Ubansa mai saran itace ne a kan duwatsu, shi ma da a can zai ƙare, sai wata rana abokin kokawa ya nana shi da ƙasa, kafaɗa ta goce. Aka kai shi gidan wankan ruwan zafi wurin wani tsoho, Bai Rustem, ya mayar da ita. Stoimen ya warke amma ya ƙi komawa daji. Ya yi ta wanke tawul har tsohon ya gaji da ganinsa ya fara koya masa aiki.

Bai Rustem bai fara da jijiyoyi ba. Da ladabi ya fara. Sai ka ɗumama hannu, sai ka faɗi inda za ka taɓa kafin ka taɓa. Ƙofa ba a rufe ta ruf, a bar tazarar tafin hannu. Zanin rufa kuwa mai jiki ne zai shimfiɗa da kansa, duk inda ya rufe ba ruwan mai tausa da wurin. Akwai kuma dokar da tsohon ya fi nanatawa: wanda ya taɓa hawa gadon tausarka, ba ka zuwa ƙofar gidansa da fure neman soyayya har abada.

"Saboda me?" Stoimen ya tambaya, lokacin da sauran ƙuruciya a kansa.

"Saboda mutum a kwance, ba riga, ya ba ka baya, ba ya iya ce maka a'a kamar yadda zai ce a tsaye. Ka gane, ko sai na sake goce maka kafaɗar?"

Ya gane. Tsohon ya rasu, gwamnati ta sauya, gidan wanka ya sauya masu shi, Stoimen ya yi aure, ya haifi 'ya mace, matar ta rasu, 'yar ta tafi birnin Plovdiv aiki. Ƙofarsa dai tana nan a buɗe tazarar tafin hannu, kuma mutanen gari suka fara ce masa Bai Stoimen, kamar yadda ake ce wa kowane dattijo.

Aikin yana zuwa da tambayoyi, kuma ba ya jin haushinsu. Ya ce wanda ya tambaya ya fi wanda ya kwanta yana tsoro. Maza baƙi sukan rage murya su ce, "Bayan tausar akwai wani ƙari?"

"Akwai," in ji shi. "Shayin ganye. Da zuma ko babu?"

Wani direban babbar mota ya taɓa rako matarsa, ya ja kujera ya zauna a lungu yana hararar hannun Stoimen kamar mai gadin kaji. Stoimen bai hana shi ba, har ya nuna masa yadda ake danna ƙugu don ya riƙa yi mata a gida. Washegari direban ya dawo shi kaɗai, ya cire riga ya kwanta. Wasu matan kuma da zarar hannu ya sauka a kafaɗarsu sai kuka, don an daɗe ba wanda ya taɓa su sai likita. Yakan miƙa hankici ya ce, "Mu tsaya ko mu ci gaba?" Idan jikin wani ya ba shi kunya, kamar yadda jiki kan yi ba da izinin mai shi ba, sai Stoimen ya ƙara masa tawul, ya koma tafin ƙafa, ya ɗauko hirar ƙwallo. Idan kuwa mutum da gangan ya miƙo hannu inda bai dace ba, sai ya ɗauko masa takalmansa ya ce yau an tashi.

Matsalar Stoimen tana tsallaken titi, sunanta Nedyalka. Ita ke da tagar sayar da banitsa, wainar nan mai falle-falle da cuku a ciki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, hannunta kullum da gari, bakinta kuwa ba ya barin kowa. Stoimen yana sayen banitsa a wurinta kowace safiya da kofin kindirmo, har tumbinsa ya shaida. Ya sha kokawa da ƙarti bai ji tsoro ba, amma a gaban tagar nan abin da yake iya cewa bai wuce, "Yau da sanyi," ba. Ita kuma ta ce, "Da idona," ta ƙara masa ɓangaren da ya fi ƙonewa, don ta lura shi yake so.

Murza ƙullu da siririyar sanda ya ci mata kafaɗar dama. Likita ya ce ta je a yi mata tausa. Wata ranar Talata Stoimen ya leƙo ya kira na gaba, sai ya ga Nedyalka ta miƙe daga benci, ba kayan aiki a jikinta yau, sai rigar zuwa coci. A bencin akwai tsofaffin da suka saba jira, har da Lelya Tsonka, gwaggon kowa, wadda kunnenta ya mutu a kan komai ban da maganar mutane.

Nedyalka ta shiga ta miƙa hannu za ta rufe ƙofa. Ya ce a bar ta haka.

"Da kyau," ta ce. Ba ta zauna ba. "Bai Stoimen, ni ban taɓa kwanciya a gaban namijin da ba mijina ba, don haka zan yi tambaya, in ka ji haushi ka ji. Hannun nan naka, a ina yake tsayawa?"

"Inda zani ya fara. Ke za ki shimfiɗa shi."

"In na rufe har wuya fa?"

"Sai in tausa miki kunne."

Aka yi dariya a benci. Ta juya ta harari ƙofar, ta juyo.

"Ka yini kana taɓa matan mutane. Ba ka jin komai? Kada ka yi mini ƙarya, na ga irin matan da ke zuwa daga birnin Sofiya."

"Ina ji. Babban yatsana yana ciwo."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ke in kina murza ƙullu, yunwa kike ji? Kina neman inda ya yi kauri ne. Ni ma ƙulli nake nema a jijiya. Ranar da na ji wani abu daban, ranar ba ni taɓa mutumin."

Ta dube shi sama da ƙasa kamar mai sayen barkono. Amsar ta yi mata. Ta zauna a bakin kujera ta fara cire takalmi.

A nan ne Stoimen ya ga abin da ke shirin faruwa. In ta hau gadon nan, ta zama cikin waɗanda ba a zuwa ƙofarsu. Zai gyara mata kafaɗa, ya ci gaba da cewa yau da sanyi har a binne shi. In kuma ya karya dokar sau ɗaya, to duk amsar da ya taɓa ba mazan mutane da matansu ta zama ƙarya.

"Nedyalka, mayar da takalminki. Abokiyar aikina Ginka tana ɗaki na gaba, hannunta ya fi nawa laushi."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Ba Ginka na zo gani ba."

"Ba zan yi miki ba."

"Ka yi wa matar mahauci. Ka yi wa Tsonka, wadda ƙashinta ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa."

"Ina jinki," in ji Lelya Tsonka daga benci.

"Warin mai nake yi, ko na yi tsufa?"

Stoimen ya goge hannunsa da tawul, ko da yake ba abin da ke hannun.

"Na gaya miki, ranar da na ji wani abu daban ba ni taɓa mutum. Kuma wadda ta hau gadon nan, ba ni zuwa ƙofarta da fure. Haka aka koya mini."

Nedyalka ta dubi gadon, ta dube shi, ta ajiye takalmin a ƙasa a hankali.

"To ƙofar tawa ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"Ka san inda take?"

"Koriya ce. Akwai inabi a kanta."

"Ka ji shi. Ya san inabi." Ta zura ƙafa a takalmi. "Shekara da shekaru ina ƙona banitsa da gangan saboda kai, ina cewa mutumin nan ko bebe ne. Ashe sai kafaɗata ta kusa cirewa za ka yi magana."

"Ku ɗaga murya," in ji Lelya Tsonka. "Na baya ba sa ji."

Nedyalka ta buɗe ƙofar gaba ɗaya ta ce, "Lahadi bayan coci zai zo, Lelya. Ki gaya wa gari, kada ki gaji." Ta waiga. "Kuma ba fure daga lambun gidan wanka ba, na san su." Daga nan ta shige ɗakin Ginka.

Ya je ran Lahadi da furen da ya saya, sanye da kwat ɗin da ta ƙi haɗuwa a tumbi. An ɗaura auren da kaka, lokacin da gari duk ƙamshin gasa barkono. 'Yarsa ta zo daga Plovdiv, direban babbar mota ma ya zo, ya yi rawa da ƙugu lafiyayye.

Har yau Nedyalka ba ta taɓa hawa gadon aikinsa ba. Da yamma takan zauna a kujerar kicin, shi kuma ya tsaya a bayanta yana murza tafukansa su yi ɗumi.

"Zan taɓa kafaɗarki ta dama," yake cewa.

"Na sani, tawa ce. Danna."

Ran Talata kuwa wurin Ginka take zuwa. Ta ce hannun Stoimen ya fi, amma shi ba ya kawo mata labarin kowa kamar Ginka.